Don Allah ya kuke yi ku kai yara wurin wasa a Abuja ba tare da albashi ya ƙare ba?

Baban Huɗu, Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Abin nan yana cina a rai tun ƙaramar sallah. Yarana huɗu, babbar shekararta 11, auta 3. Washegarin sallah na kwashe su da mamansu zuwa wani wurin wasan yara a cikin gari, ni duk a tunanina kuɗin ƙofa ne kawai, ashe kowane lilo da nashi tikitin, kuma duk abin da za a hau sai ka biya sau huɗu, ga askirim ga gugguru ga ruwan roba da suka ninka wa kuɗi, wallahi kafin a hau abu uku kuɗin da na ware sun ƙare ƙaf. Autata ta riƙe shingen dokunan nan masu zagayawa tana kuka, da ƙyar na ɓamɓare hannunta, muka dawo gida jikina a sanyaye. Yanzu kuma babbar ta ga wurin wasan Disney na ƙasar waje a wayar mamanta, kullum Abba yaushe za mu je. Hutu ya matso, ku ba ni shawara don Allah.

Maman Biyu, Gwarimpa:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, kukan nan na sanshi. Kuskuren farko shi ne zuwa da sallah, cunkoso ya yi yawa, yaro zai yi minti talatin a layi don lilon minti uku. Ni tsakiyar mako nake kai nawa in an yi hutu, kuma tun daga gida muke yin yarjejeniya, kowa abu biyu zai hau, ya zaɓa da kanshi. Sai sun ci sun ƙoshi muke fita, in zuba zoɓo da cincin a jaka, amma a fara tambaya don wasu wuraren ba sa bari a shiga da abinci. Ina da asusu na katako da nake jefa canjin cefane, shi nake fasawa. Sau ɗaya a shekara muke zuwa Magicland can kusa da City Gate, wanda da ake ce ma Wonderland, sauran lokuta Millennium Park a Maitama, mu ɗauki kular abinci da tabarma da ƙwallo, su yi ta gudu a ciyawa har la'asar.

Malamin Firamare, Nyanya:
Gaskiya ba laifinka ba ne ɗan'uwa. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, su ma masu wuraren da janareto suke juya injinan nan in an ɗauke wuta, dizal ɗin kuma a kan tikitinka zai fita. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, mai yara huɗu ya cire haya da kuɗin makaranta da na mota daga Kubwa zuwa cikin gari, me ya rage? Maganar Disney kuwa ka faɗa mata gaskiya cikin lallami. Wanda ke Orlando a Amurka tikitin kwana ɗaya na mutum ɗaya ya haura dala 100, kuɗin neman biza dala 185 kowane kai ko an ba ka ko an hana, ba a zo kan jirgi da otal ba, ku shida ne fa. Kar dai ka ce mata "sai wata shekara", yara ba sa manta alkawari.

Ɗan Jos:
Baban Huɗu in kana da dangi a Jos kawo su nan hutu kawai. A hanya ma ku tsaya Assop Falls wajen Hawan Kibo su ga ruwa na zubowa daga dutse. A gari ga Wildlife Park, ga gidan zu da gidan tarihi a waje ɗaya, ga Rayfield in suna son ganin ruwa. A taho musu da rigar sanyi.

Maman Biyu, Gwarimpa:
Jos da daɗi amma kuɗin motar mutum shida zuwa da dawowa ai ya fi na lilon. Kuma yarinyar nan doki take so ba ruwa ba, ni dai a mayar da ita ta hau dokinta.

Baban Huɗu, Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni, yau zan sa kafinta ya buga min asusu. Ranar Talatar farko ta hutu in sha Allah zan mayar da su, autar ce za ta fara hawa.