Wai babbar amfilifaya ita ka kashe sifika?

Na Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Sifikun mahaifinmu na ɗauko daga ɗakin ajiya, na katako masu nauyi, a bayansu an rubuta 80W, 8 om. Wani mai tokumbo ya nuna min wata amfilifaya Quad 405 mai wat 100 kowane ɓangare, amma Kawu ya ce in na haɗa za ta yaga su, wai in nemi 'yar 30 ko 40. Mi kunka gani?

Kawu na Arkilla: Ni na faɗa kuma ban janye ba. Jakin da ka ɗaukar buhu ɗaya ka aza mai biyu? 100 ta hi 80, lissahin bai buƙatar makaranta

Mai gyara, Runjin Sambo: Kawu Allah shi ba ka haƙuri amma wanga karon ba haka ba ne. Sifikun da ake kawo min da ƙonannar twita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ka fidda siririn sauti, da yawansu ƙaramar amfi ce ta kashe su, mutum shina son ƙara sai shi murɗa bolum har ƙarshe, amfi ta gaza sai ta riƙa datse kan sautin, murya ta koma kaushi awa ana tsaga kwano, wannan kaushin shi ka gasa ɗan siririn koyil na twita. Ka buɗe ka iske shi baƙi ƙirin da warin ƙuna. Mai wat 100 kuwa a falo ko wat 10 ba lallai ka ci ba, sauran tana aje da shi don sa'adda tambari ya faɗo

Kawu na Arkilla: To ranar suna fa? Yaro ya zo ya murɗe ta duka, kai za ka biya?

Mai gyara, Runjin Sambo: Nan kam kana da gaskiya, babbar ma tana kashewa in an matsa mata. Amma da 80 da 100 ai duk gida guda ne, bambancin bai kai desibel 1 ba a ma'aunin ƙarar sauti. Sai ka ninka wat sau biyu kahin ka samu ƙarin desibel 3 kacal

Malamin fiziks: Ku dai kuna ta faɗa kan wat kun bar abin da ya hi. 405 tun 1975 ta hito a Ingila, ko ta baya 405-2 ta 1982 ce, kafasitocin ciki bushewa su kai da shekaru, balle an kawo su zahin Afrilun Sakkwato. Kahin ka jona sifikar Baba ka aza mita a DC bakin wayoyin sifika, in ta nuna 'yan milibolt kaɗan lahiya lau, in ka ga bolt guda ko sama kashe ta ka kai gyara. Kuma ta farkon ba ta son 4 om, kar ka ce za ka haɗa sifika biyu-biyu a ɓangare guda, om 8 da om 8 in kowace ta jona kai tsaye da bakin amfi guda 4 za su koma

Na Mabera: Malam na gode, amma na duba hoton ban ga wurin bolum ba ma

Malamin fiziks: Babu shi, fawa ce zalla, ƙara ma sauti ƙarhi kawai ta kai, sai ka nemo firi-amf, wato akwatin da ka ɗauke da bolum, a gabanta, ka sa kuɗinta cikin lissahi tun yanzu

Baban 'yan biyu: Ku ƙara mai da duba bayan inji. Ni wata amfi Sansui na sawo, ashe ta cikin gidan Japan ce mai bolt 100, na soka a 230 ɗinmu, ƙara ɗaya ta yi hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, uwargida har yau tana min dariya

Kawu na Arkilla: Ni dai tawa 'yar 35 tana nan tun ina saurayi ba ta taɓa ƙona ko fis ba

Mai gyara, Runjin Sambo: Ai Kawu labaran ƙarfe huɗu kaɗai ka ka saurare da ita 😂 Na Mabera kawo ta shago gobe bayan la'asar in gwada, ka zo da sifika guda in duba robar bakinta ko ta ruɓe