Pete Carroll: shi ya reni 'yan tsaron Seattle, ko a shirye ya tsince su?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Jiya ni da Yaya Sabi'u muka raba dare muna gardama a waya ba mu kammala ba, shi ne na ce bari in kawo maganar nan kowa ya sa baki. Ni abin da na ce, a shekara ashirin ɗin nan ba a yi kocin da ya kai Pete Carroll iya renon 'yan tsaro a NFL ba, wato babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), inda ya horar da ƙungiyar Seattle. Ku dubi inda ya samo mutanensa. Kam Chancellor, zagaye na biyar a 2010. Richard Sherman, zagaye na biyar a 2011, sai da aka ɗauki mutum 153 kafin a kira sunansa. K.J. Wright zagaye na huɗu, Byron Maxwell na shida, Malcolm Smith na bakwai, duk a shekarar. Brandon Browner kuma daga Kanada aka ɗauko shi, yana buga wa Calgary. Da yawancin waɗannan yaran da kowa ya tsallake ya doke Denver 43 da 8 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, Fabrairun 2014.

Sabi'u: Wa alaikumus salam. Auwalu, sunayen nan duk na san su, kuma ban ce ƙungiyar ba ta yi ba. Tambayata ɗaya ce. Carroll ya yi kaka 14 a Seattle, daga 2010 zuwa 2023. Duk waɗanda ka lissafa a shekara biyun farko suka zo. Ka ƙara Earl Thomas da Bobby Wagner, har yanzu ba ka wuce 2012 ba. To sauran shekara goma sha ɗayan fa? Mai reno na gaskiya ba ya yaye 'ya'ya sau ɗaya ya tsaya.

Nura: Ku yi haƙuri yayyena, ni bana na fara kallon wasan nan. Mene ne zagaye na biyar ɗin da ake ta faɗa?

Malam Idi: Nura, duk shekara ƙungiyoyi 32 suna zaɓar yara daga jami'o'i, bi da bi, har zagaye bakwai. Na zagayen farko su ne waɗanda kowa ya yarda da su. Wanda ya kai zagaye na biyar kuwa kowace ƙungiya ta gan shi kusan sau huɗu ta kau da kai. Da yawansu ko shekara uku ba sa yi a wasan.

Nura: Na gane Malam, na gode.

Auwalu: To ka ji. Kuma Yaya Sabi'u, ka duba Sherman da kyau. A jami'ar Stanford mai cafke ƙwallo ne, a ɓangaren hari yake, sai daga baya ya koma tsaron gefe. Ɗanye ya zo Seattle. Shekara biyu kacal ya tare ƙwallo 8 a 2012, ya sake tare 8 a 2013, ya fi kowa a gasar. Wa ya koya masa? Shi Carroll ɗin asalin sana'arsa ke nan. Masu tsaron baya ya horar a Buffalo a 1984, ya yi shekara biyar yana aikin a Minnesota, kafin ya riƙe tsaron Jets da na San Francisco gaba ɗaya.

Sabi'u: Wa ya zaɓo shi? John Schneider ne manajan da ke kula da ɗaukar 'yan wasa, kuma a shekarun nan Scot McCloughan yana ofishin, mutumin da aka sani da idon gane yaro. Sannan wa yake tsaye a kansu kullum a fili? Kris Richard ne ke tare da masu tsaron baya. Ken Norton Jr. ne ya riƙe Wagner da Wright. Gus Bradley da Dan Quinn ne suka jagoranci tsaron. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kai ka tattara ladan duka ka ɗora wa mutum ɗaya.

Anti Rabi: Sabi'u, bari in shigo nan, don wannan maganar taka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Ni ina zaune a jihar Washington tun kafin Carroll ya zo, na kalli ƙungiyar nan lokacin da ta ci wasa 4 a 2008 da 5 a 2009. Gus Bradley yana nan a 2009, kafin zuwan Carroll, tsaron kuma bai tsorata kowa ba. Da ya tafi Jacksonville ya zama babban koci, wasa 14 ya ci, aka doke shi 48. Kris Richard kuma yaron Carroll ne, a hannunsa ya yi wasa a jami'ar USC, inda Carroll yake koci kafin Seattle, shi ya jawo shi aikin koyarwa. Norton ma daga USC ya biyo shi. In almajiranka suka koyar da karatunka, ai ba a ce ba naka ba ne. Ga kuma abin da ya fi ƙarfi a wurina: daga 2012 zuwa 2015, shekara huɗu a jere, babu ƙungiyar da aka ci ƙarancin maki kamar Seattle. A cikin shekara huɗun nan mutum uku suka riƙe tsaron, Bradley, Quinn, Richard. Su suna canzawa, sakamakon bai canza ba.

Sabi'u: Anti, sakamakon bai canza ba domin 'yan wasan ba su canza ba. Thomas, Sherman, Chancellor da Wagner suna nan duk tsawon lokacin. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Nuwamban 2017, a wasa ɗaya a Arizona, jijiyar dunduniyar Sherman ta tsinke, Chancellor ya ji ciwo a wuya wanda daga shi bai sake wasa ba. Cliff Avril ma wuya ya fitar da shi a shekarar. Thomas ya karye a ƙafa a 2018. Nan ne ya kamata mu ga renon. Wa ya gaje su? Tedric Thompson, Lano Hill, Marquise Blair da aka ɗauka a zagaye na biyu a 2019. Ko ɗaya bai tsaya ba. Har ta kai a 2020 ya ba Jets zaɓin zagayen farko guda biyu, da na zagaye na uku, da Bradley McDougald, don ya karɓo Jamal Adams. Wanda ya iya reno me zai kai shi sayen ɗan wani da wannan tsada?

Auwalu: Adams ya kayar da mai jifa (quarterback, jagoran masu hari) sau 9.5 a shekararsa ta farko a Seattle, babu mai tsaron baya da ya taɓa yin haka.

Sabi'u: Haka ne. A shekarar kuma Seattle na can kusa da ƙasan tebur wajen hana jifa. Ni na kalli wasannin farkon kakar, duk mai jifan da ya zo sai ya yi yadda ya so da su.

Bashir: Gaisuwa daga Bronx. Ni ina ganin ku biyun kuna magana kamar tsaro abu ɗaya ne, alhali sana'a uku ce. Akwai ƙartin gaba masu farautar mai jifa, akwai 'yan tsakiya, akwai na baya. Abin da Carroll ya ƙware a kai na baya ne, musamman masu tsaron gefe, kuma yana da zubin da yake nema: dogo, mai dogon hannu, kamar inci 32 zuwa sama. Sai ya koya masa tsayuwa ɗaya. Ka tsaya gab da mutuminka a kan layi, ka yi ɗan taku gefe da ƙafa ɗaya, kada ka yi gaggawar juyawa, ka bar shi ya fara nuna inda za shi, sannan ka sa masa hannu ka bi shi. Doka ta farko ita ce kada a wuce ta samanka. Fili ana raba shi uku a can baya, na gefe biyu kowa da nasa, Thomas a tsakiya, Chancellor ya sauko kusa da layi. Tsarin ba shi da yawan dabaru, shi ya sa yaro yake saurin kama shi ya daina tunani ya yi gudu.

Malam Idi: Bashir, wannan bayani ya yi. Ci gaba.

Bashir: Abin da ya nuna min koyarwa ce ba sa'a ba, mutum biyu ne a 2015. Maxwell ya bar Seattle, Philadelphia ta ba shi kwangilar shekara shida kan dala miliyan 63. Kaka ɗaya ya yi suka tura shi Miami. A madadinsa Seattle ta ɗauko Cary Williams, gogagge wanda ya ci Super Bowl da Baltimore. Ya kasa sabawa da takun nan, a Disamba suka sallame shi. Yaron zagaye na shida ya yi kyau a gidan ya dusashe a waje, babba mai suna ya zo gidan ya kasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sabi'u: Malam Bashir, Maxwell ɗin nan ai hujjata ce. In ɗan wasa ya bar hannunka ya lalace, to ba shi ka gina ba, tsari ka gina. Thomas ne yake rufe masa asiri a baya.

Anti Rabi: To Sherman fa? Bayan tsinkewar jijiya, yana da shekara 31, ya kai San Francisco Super Bowl a kakar 2019, aka kuma sa shi cikin gwanayen shekara. Babu Thomas a bayansa.

Sabi'u: Sherman na ba ku shi.

Auwalu: Ka ba mu Woolen ma. Ka ce bayan 2012 ba a yi kowa ba. Tariq Woolen, 2022, zagaye na biyar, lamba 153, shi ma mai cafke ƙwallo ne a jami'a kafin a mayar da shi tsaro. Shekarar farko ya tare ƙwallo 6, babu wanda ya fi shi a gasar. Labarin Sherman ne ya maimaita kansa bayan shekara 11, babu McCloughan, babu Richard, babu Quinn. Ga Shaquill Griffin na 2017 da ya je Pro Bowl, wasan gwanayen shekara. Ga D.J. Reed, wanda San Francisco ta saki a 2020, gajere ne ma bai cika zubin ba, ya gyaru a Seattle har Jets ta ba shi dala miliyan 33.

Sabi'u: Duk masu tsaron gefe ka kawo. Koma layin gaba ka gani. Malik McDowell, zaɓinsu na farko a 2017, ya yi haɗari kafin a fara kaka, bai taɓa buga musu ba, wannan ƙaddara ce ban ɗora wa kowa ba. Amma L.J. Collier, zagayen farko a 2019, sau 3 ya kayar da mai jifa a shekara huɗu. Kuma ku tuna wasan Denver da kyau. Ƙwallon da Malcolm Smith ya tare ya ruga yadi 69, Avril ne ya bugi hannun Peyton Manning, mai jifan Denver, ta tashi sama. Avril daga Detroit aka saye shi. Michael Bennett a Tampa Bay ya zama mutum. Waɗanda suka hana Manning sakat a ranar, a wani gidan aka rene su.

Bashir: Nan kana da gaskiya fiye da rabi. Sai dai kada a manta Chris Clemons, wanda ya yi ta yawo a ƙungiyoyi ba a san shi ba, Carroll ya tsayar da shi a gefe ɗaya ya ce aikinka farauta kawai, ya kayar da mai jifa sau 11, 11, da 11.5 a shekara uku. Red Bryant ana shirin mantawa da shi a tsakiyar layi, ya mayar da shi gefe ya zama katanga. Frank Clark ya kai 13 a 2018. Ga kuma 'yan asalin Najeriya: Uchenna Nwosu ya zo daga Chargers a 2022 ya yi 9.5, abin da bai taɓa yi ba a shekara huɗu a can. Boye Mafe, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kayar da mai jifa a wasa bakwai a jere a 2023.

Malam Idi: Ni malamin makaranta ne, shekara ashirin da wani abu ina aji, bari in faɗi yadda nake auna irin wannan. Ba na yi wa malami hukunci da ɗalibin da ya zo da ƙwaƙwalwarsa. Earl Thomas lamba 14 aka ɗauke shi, ko a hannun wa ya faɗa zai yi suna. Devon Witherspoon lamba 5 ne. Waɗannan a cire su. Ina duba yaron da aka ajiye a bayan aji. A masu tsaron gefe, Carroll ya ɗauko irin wannan yaron ya kai shi gaba a 2011, ya sake a 2022, da wasu a tsakani, kuma da hanya ɗaya wadda ana iya nuna ta a bidiyo. Wannan ba na jayayya a kai. Inda nake tare da Sabi'u shi ne, da masu hari suka gane tsarin suka riƙa jefa 'yan gajerun ƙwallaye a ƙarƙashinsa da tsallaka tsakiya, ya daɗe bai sauya karatu ba. Da ya zo sauyawa a 2022 da Clint Hurtt a matsayin jagoran tsaro, sai aka riƙa tsaga su da gudu. Shi ya sa a Janairun 2024 aka sauke Carroll aka kawo Mike Macdonald, wanda shi ma mutumin tsaro ne.

Auwalu: Malam, ke nan ka yarda ya fi kowa?

Malam Idi: A masu tsaron gefe, ban ga wanda zan sa a gabansa ba. A tsaro gaba ɗaya ban ce ba.

Sabi'u: In haka Auwalu ya faɗa jiya da tuni mun yi barci. Amma shi cewa ya yi 'yan tsaro duka, kuma ya fi kowa. Bill Belichick, tsohon kocin New England, fa? Malcolm Butler ba a ma zaɓe shi ba, shi ya tare ƙwallon da ta hana Carroll kofi na biyu a Super Bowl na Fabrairun 2015. J.C. Jackson ma ba a zaɓe shi ba, ya tare 9 a 2020. A wasan nan na Butler kuma, da Jeremy Lane na Seattle ya karye a hannu aka sako Tharold Simon, ɗan zagaye na biyar, dogo, cikakken zubin Carroll, a kansa Tom Brady, mai jifan New England, ya yi ta jifa har Seattle da ke gaba da 24 da 14 ta sha kashi 28 da 24.

Anti Rabi: Sabi'u, kada ka tuna min da daren nan. Amma ka faɗa duka: Thomas da gocewar kafaɗa ya buga, Sherman da ciwon gwiwar hannu, Chancellor da ciwon gwiwa, Avril ya fita da bugun kai a zango na uku. Kuma wanda ya tare Jermaine Kearse, mai cafke ƙwallon Seattle, a kan layi har Butler ya samu hanya, Browner ne, wanda a lokacin ya koma New England, da irin sa hannun da ya koya a Seattle.

Auwalu: Yaya Sabi'u, kawo jerin Belichick ɗin cikakke, da zagayen da aka ɗauki kowa, har da 'yan zagaye na biyun da suka watse a hannunsa. Ni ma zan kawo na Carroll tun daga USC, da Polamalu da Clay Matthews.

Sabi'u: Jami'a ba ta ciki, NFL ka ce. Bari in tashi daga aiki, bayan isha'i zan turo.