Musayar waƙa: babur da mai shi

Na-Fagge:
Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Yau ga abin da na kawo mana, wai shin babur ɗin da mutum ke hawa yana nuna ko shi waye? Ni dai cikin 'yan babura nake wuni kuma wallahi sau da yawa tun mutum bai buɗe baki ba daga shigarsa kake gane wanda zai taya, shi ne na ce bari mu baje ta a waƙa kowa ya kawo nasa, amma ɗangon ƙarshe ya faɗa a kan "ya". Bismillah.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Mai ba bawa abin hawa,
Wani ƙafarsa ce abar takawa,
Kowa da rabonsa a duniya.

Ango yana son mai ɗaukar ido da sheƙi,
Manomi yana son mai jure aiki,
Malamin firamare yana son mai sauƙi,
Kar mai ya cinye albashi a hanya.

To ku ba ni amsa 'yan uwana,
Babur ke ba mai shi suna?
Hali yake nunawa a ganina,
Ko aljihu ne ke zaɓa? Ku faɗi gaskiya.

Kawu Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Na-Fagge ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ku yaran yanzu ba ku ga 1975 ba, lokacin da aka biya ma'aikata ariyas na ƙarin albashin Udoji, masinja da akawu da malamin makaranta kowa ya nufi kanti, wasu rediyo wasu Honda wasu Yamaha, mu kuwa ga abin da muka ɗauko.

Da Gowon ya biya mu kuɗin Udoji,
Ba mu kai su ga awaki ba ko kaji,
Vespa muka ɗauko, hawan alhaji,
'Yar Italiya mai natsuwar tafiya.

Giyarta a hannun hagu ake murɗawa,
Babbar riga ba ta samun ɓatawa,
Ƙafa a haɗe, laka ba ta taɓawa,
In ƙusa ta soke ka, a kwiɓi ga wata taya.

Mai Vespa a layi shi ake ba amana,
Shi ake fara kira raɗin suna,
In ya je neman aure iyaye na murna,
Sun san mai kamun kai ne ya biyo hanya.

Don haka ni na tsaya a kan hali ne. Mutum mai natsuwa ba ya sayen abin da zai dinga firgita unguwa da ƙara.

Tela Ɗan Lifan:
Kawu Allah ya ƙara girma, mun ji naku kuma mun yaba, amma a bar mu mu ma mu faɗi namu.

Kawu Allah ya ja da kwana,
Kowa da yayin da ya tarar a ganina,
Roba-roba ce tawa, ita ce ta lokacina,
Fara sol, ƙura ba ta kwana a taya.

Da asuba nake fito da ita in wanke,
Ledar sit ɗinta na hana a farke,
In sa yadi mai guga in miƙe,
Ba damƙar kuloci, ba hayaƙi, ba hayaniya.

Ba alfahari ba ne Kawu, tsafta ce,
A ƙofar gidan su yarinya shaida ce,
Kuɗin ɗinki na tara, sana'a ce,
Babu na kowa a ciki, babu ƙarya.

Bazamfare:
Salamu alaikum. Na karanta naku duka kuma ba na ja da kowa, amma Na-Fagge wannan tambaya taka ta 'yan birni ce, mu nan ba mu da zaɓi, hanya ita ke zaɓa mana. Kuma abin da ke ci min rai shi ne babur ɗin da ya rufa mana asiri shi ne yanzu ya zama abin da ake tsarguwa da mu a kansa. Ku tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layin waya a jihar nan ta Zamfara aka rufe kasuwannin mako aka hana sai da mai a jarka aka taƙaita hawan babur da dare, ba mu ce ba dalili ba, dalili kam akwai don mu ake kashewa, amma mutumin da garinsu ba gidan mai ba kwalta ba mota shi ya fi kowa ji a jikinsa.

Ku na birni kuna zaɓen launi,
Mu hanyarmu yashi ce da tsauni,
Roba-roba a nan sai ta yi rauni,
Boxer ta Indiya ita ke iya.

Buhu biyu na masara a bayanta,
Ga akuya a ɗaure a kan tankinta,
Ranar kasuwa ba a jin kokenta,
Ta ratsa rafi da mu da kaya.

Daren da naƙuda ta kama matar wana,
Ba mota ko ɗaya a garina,
Na goya ta, a bayanta ga Innana,
Muka kai asibiti ta sauka lafiya.

Amma yau in na shigo gari da rawani,
Na rufe hanci don ƙurar rani,
Sai a ja baya, a dinga nuna ni,
Wai irin na 'yan bindiga na saya.

Ɓarayin daji sun hau, mu ma mun hau,
Su suka kore mana shanu har yau,
Sannan a haɗa mu da su, ina kyau?
Mu ne da rashi, mu ne da tuhuma a hanya.

'Yar Damagaram:
Wayyo yaya Bazamfare, wallahi ka sa jikina ya yi sanyi. Allah ya kawo muku ƙarshen abin nan. Mu ma nan Nijar mutanen Diffa a 2015 aka hana su hawan moto saboda Boko Haram, to ka ga ciwon ɗaya ne. Bari in amsa maka sannan in faɗi nawa, don ban ga mace ta yi magana ba tukuna.

Yaya Bazamfare na ji kukanka,
Allah ya sanyaya, ya tsare garinka,
Mutanen Diffa sun sha irin naka,
An hana su moto, mai tattasai ya sha wuya.

Ni mace ce, moto gare ni ƙarama,
Da hijabina har ƙasa, ba gardama,
Lakkwal nake zuwa, can nake malama,
Ba na jiran kabu-kabu a bakin hanya.

Wasu in sun gan ni su ce ta fetsare,
Idonta ya buɗe, wa zai aure?
Ni ko gara in tuƙa kaina a tsare,
Da baƙon namiji ya goya ni a baya.

Kuma 'yan uwana mata masu hawa don Allah a dinga naɗe bakin hijabi a zauna a kai kafin a tada moto, in ya shiga taya ba kyau.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare. Kawu da girmanka amma ni ban yarda hali ba ne. Ni shaida ne a kaina. Bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, dubbanmu muka wayi gari ba sana'a, wasu suka koma ƙauye wasu suka tafi kudu wasunmu muka shiga Adaidaita Sahu, to ku ji.

Jincheng na hau shekaru ina acaɓa,
Bata, Kurna, Sheka, duk na saba,
Da ita na biya sadaki, na ciyar da Baba,
Amma sunana ɗan acaɓa marar tarbiyya.

Aka wayi gari an hana mu goyo,
Na sai da ita, Adaidaita na koyo,
Ban sake hali ba, abin hawa na sauyo,
Sai ga fasinja na ce da ni Yaya.

Ban ce duk 'yan acaɓa salihai ba ne, akwai masu ganganci akwai masu shaye-shaye kowa ya sani, amma akwai mahaddata a cikinmu akwai masu digiri, rashin aiki ne ya hau da su.

Kawu Tsohon Akawu:
Ɗana na ji ka. Ni abin da nake nufi yadda mutum ke riƙe abin hawansa, ba kuɗin da ya saye shi ba.

Ba tsada nake nufi ba ɗana,
Wanda ya fasa salansa shi nake nuna,
Yana ɗaga taya a taron biki da rana,
Ya take yaro, uwa ta kwana da ciwon zuciya.

Mai Boxer da ya kai mai naƙuda,
Ni a wurina ya wuce mai shadda,
Bazamfare riƙe kanka, kar ka yarda
A sa ka sunkuyar da kai don kunya.

Na-Fagge:
Masha Allah, ban zaci abin zai yi zurfi haka ba. Bari in ƙara muku da abin da idona ke gani a kasuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 masu zuwa sayen roba-roba sun canza, yanzu mutum zai zo da makullin mota a hannu yana tambayar wanne ne ba ya shan mai, Tela kana ji ko, layinku ya cika da manya.

Alhaji ya rufe mota da tampol,
Ya ce a ba shi Haojue fara sol,
Da can tankinsa kullum ful,
Yau lita biyu yake aunawa ya juya.

Tela Ɗan Lifan:
Muna maraba da su Na-Fagge, hanya ta ishi kowa. Yaya Bazamfare in Allah ya kawo ka Kano ka neme ni, da rawaninka da Boxer ɗinka har ƙofar shagona.

Bazamfare:
Na gode ƙanena, Kawu na gode, Malama Allah ya bar zumunci. Na-Fagge tunda kana kasuwa duba min kuɗin sarƙa da siroket na Boxer, nawa sun cinye kuma jibi nake son kai gero kasuwa in hanya ta yi kyau.

Takardun babur na cikin aljihuna,
Da katin ɗan ƙasa mai hotona,
Duk shingen da na tarar in sauka in nuna,
In tura ta da hannu in wuce, ku sa mu a addu'a 'yan uwa mu je mu dawo lafiya.