Excel: yaya zan daina kai hannu kan maus in ina shigar da lissafi?

Dan_Mile12:
Salam jama'a. Ni ke rubuta wa maigidana lissafin motocin albasa da tumatir da ke saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas, kowane layi gida biyar ne, kwanan wata, sunan mai kaya, lambar wayarsa, buhu ko kwando nawa, sai kuɗi. To in na cike gida na biyar sai na ɗauki maus na dawo farkon layin ƙasa, ga direbobi tsaye a kaina kowa so yake a sallame shi ya kama hanya. Babu yadda za a yi da kibod kawai? Kuma sifilin farkon lambar waya ɓacewa yake yi, ban san dalili ba.

Hajiya_Agege:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kibiyar dama kake dannawa ko? Daina, Tab za ka riƙa dannawa tun daga gidan farko, in ka gama na biyar sai ka buga Enter, da kansa zai sauko ya mayar da kai ƙarƙashin inda ka faro. Amma fa in ka taɓa kibiya ko maus a tsakiyar layin ya manta, daga inda ka tsaya zai ɗauka a matsayin mafari, nan ne mutane ke cewa ai abin ba ya aiki alhali su suka ɓata shi. In ka wuce gida Shift da Tab zai mayar da kai baya. Kwanan wata kuma kar ka wahalar da kanka, Ctrl da ; ya sa maka na yau.

MalamIdiAraba:
Hajiya ta gama magana, amma ni gara ka mayar da shi tebur gaba ɗaya da Ctrl da T, in ka kai gidan ƙarshe Tab ɗin ma kaɗai zai buɗe maka sabon layi. Batun sifili, Excel na ɗaukar lambar wayar a matsayin adadi ne shi ya sa yake jefar da 0 ɗin, ka zaɓi kolum ɗin ka mayar da shi Text kafin ka fara rubutu, ko ka fara da alamar ' sannan 080 ɗin.

Dan_Mile12:
Allah ya saka da alheri, Tab da Enter ya yi wallahi. Sai dai yanzu wani abu ya taso, in na danna kibiya shafin ne gaba ɗaya ke tafiya, gidan da nake kai ba ya motsi.

Hajiya_Agege:
Scroll Lock ka kunna garin lalube, duba can ƙasa hagu za ka gan shi a rubuce. In laptop ɗinka ba shi da madanninsa, danna Windows da R ka rubuta osk, kibod zai fito a allo sai ka kashe ScrLk. In za ka gyara sunan da ka riga ka rubuta kuma F2 ne, kar ka hau rubutu a kai ya goge maka duka.