Warin fitsarin mussa a kafet da kujera: me kuke sakawa?

Maman Nana, Zariya: Assalamu alaikum ƴan zaure. Mussarmu ta maida bayan kujerar falo wurin fitsarinta, ya jiƙa kafet har ya hau ƙasan kujerar. Na wanke da omo, na zuba javel, na yi turaren wuta, amma tunda damina ta sauka warin sai ƙaruwa yake. Har kunyar shigar da baƙi nake ji. Don Allah ku taimaka mini.

Hajiya Babba, Mokoyo: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki ajiye turaren nan tukuna. Turare a kan fitsari wari biyu ne a ɗaki ɗaya. A ɗaga kafet ɗin a kai shi rana ya wuni, gaba da baya.

Malam Sani, ma'aikacin farmasi: Gaskiyar Hajiya ce. Sannan Maman Nana, ki daina zuba javel a kan fitsari. Fitsarin da ya kwana yana fitar da amoniya, in ta haɗu da javel sai wata iska ta tashi mai ƙona ido da maƙogwaro, balle a ɗaki rufe da yara a ciki. Kuma mussa da yawa ƙamshin javel janyo su yake, su dawo su sake yi a wurin.

Abin da ya sa warin ya dawo da damina: a fitsarin akwai wani sinadari da ke bushewa ya zama ƴan ƙwayoyi kamar gishiri, ya maƙale a zaren kafet, ruwa da sabulu ba su narkar da shi sosai. Lokacin hunturu ba ki jin komai, da laima ta shigo sai ya farka.

In fitsarin sabo ne, ki ɗora tsumma busasshe ki taka da ƙafa ya tsotse, kada ki dirza, dirzawa tura shi take ciki. Ki haɗa farin binegar da ruwan sanyi rabi da rabi, ki jiƙa wurin har ya ratsa inda fitsarin ya kai, ki bari kamar minti 15, ki sake tsotsewa. Sai ki barbaɗa bikarbonat da kauri ya kwana, da safe ki share. Binegar ma kada ya haɗu da javel, ko a bokiti ɗaya.

Maman Nana: Na gode Malam. To tabon fa? Ya yi rawaya a jikin yadin kujerar.

Malam Sani: Oksijene ta wanke ciwo, mai 10 volume, tana ɗauke shi. Amma tana cin launi, ki fara ɗiga kaɗan a bayan kujera inda ido bai kai ba.

Oga Lawali, mai gyaran kujeru, Bagalam: Hajiya, in ya shiga soso, magana ta canja. Ana kawo mana kujera yadinta fes, da mun farke ɗinkin ƙasa sai ka ga soson ya yi ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu, katakon da ke ƙarƙashi ya yi baƙi. Wannan ba wanki zai yi masa ba. A yanke ɓangaren da ya jiƙa a sa sabo, a goge katakon da samfefa a shafa masa banis. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen wata kujera.

Inna ta Ɗan Gulbi: Mu namu na awaki ne. Jar akuya biyu da bunsuru a tsakar gida, daɓen siminti. Toka nake zubawa da dare, da safe a share a wanke da ruwan omo. Inda ƙasa ce, a kwashe ta sama a zubo sabon rairayi. Wani lokaci ina yayyafa kirezil, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta.

Malam Sani: Inna, a garken awaki ba laifi in an sirka shi da ruwa sosai, an bari ya bushe kafin a maido su. A gidan da ke da mussa kam a nisanci kirezil. Tana takawa ta lashe ƙafarta, hantarta kuma ba ta iya tace irin wannan magani, yana iya kashe ta.

Malama Hadiza, Ali Ɗan Sofo: Akwai batun tsarki ma. A mazhabar Malikiyya abin da mussa ta sha ta rage mai tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne, saɓanin na akuya da tunkiya da ba su cin ƙazanta. In ana salla a kafet ɗin, bayan binegar sai an bi wurin da tsabtataccen ruwa zalla har alamar ta gushe.

Hajiya Babba: Ni tambayata, ina kuka tanadar mata da za ta yi? Ki samu tsohuwar roba mai faɗi ki cika da rairayin gulbi, ki ajiye nesa da inda take cin abinci, ana kwashewa kullum. In ya yi datti ba ta shiga.

Maman Nana: Babu, Hajiya, waje take fita. Kuma yaran sun ce namiji ne, a tsaye yake fesawa a bango.

Malam Sani: To muzuru ne ke shata iyakarsa, shi ya sa warin ya yi ƙarfi haka. Ki kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa dandaƙa, yawancinsu suna dainawa ko su rage sosai. In kin ga yana tsugunawa sau da yawa yana kuka, ko da jini a fitsarin, kada ya kwana ba a duba shi ba, toshewar mafitsara tana kashe muzuru cikin kwana biyu zuwa uku.