Mu haɗa kuɗi mu haƙa burtsatse, ko mu jira bututu?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan da na tare a gidana a Danbare, a Kano. Tun lokacin gini na sa aka ja famfo har banɗaki, har yau ko ɗigo bai taɓa zubowa ba. Kullum sai mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran 'yan garuwa, kura ɗaya jarka 12, kafin la'asar ta ƙare. Yanzu mutanen layinmu sun ce mu yi karo-karo a haƙa rijiyar burtsatse mai sola. Ni kuwa zuciyata na cewa ga dam ɗin Tiga cike da ruwa tun 1974, me zai hana ya iso mana? Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ruwan dam daban, ruwan famfo daban. Sai an ɗebo shi daga kogi, a zuba alam ya kwanta, a tace, a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan injina su tura shi tudu, kamar tankunan da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro gidaje. Duk wannan aikin wuta yake ci, in babu wuta sai dizal.

Matatar Challawa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka kafa ta, lokacin Kano ba ta wuce ganuwa da Fagge da Sabon Gari ba sosai. Daga baya aka ƙara Tamburawa, wadda sabuwarta ta zamanin Shekarau aka tsara ta ba da lita miliyan 150 a rana. Amma gari ya yi gaba ya bar bututu a baya. Na sha tono tsohon bututu na tarar tsatsa ta cinye shi, in ka ƙwanƙwasa da shebur sai ya rufta. Ruwa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa yake tsiyayewa kafin ya kai ko'ina. Ku haƙa, amma kada ku daina kai kokenku a rubuce.

Maman Hanifa:
Yaya, mu a Ɗorayi mun yi. Kuskurenmu, ba mu kira mai auna ƙasa ba, mai haƙa ya nuna wuri kawai muka amince. Da bazara ta yi, sai tanki ya koma cika rabi. Ku auna tukuna, kuma ku nesanta ta da masai.

Baban Sadiq:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Hajiya, batun masai ɗin nan ya tsaya mini a rai, don filin da aka ba mu kyauta bayan gidan maƙwabcina yake, kusa da shaddarsa. Gobe bayan sallar Isha'i zan tayar da maganar a masallaci kafin a fara karɓar kuɗi.