Inabina ya rufe rumfa amma ba 'ya'ya

Maman Ihsan:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Na dasa inabi a tsakar gida na yi masa rumfa da ƙarfe da waya, yanzu ya shekara 2 ya lulluɓe rumfar kaf amma sai ganye kawai, ko fure ban gani ba, kuma taki ina zuba masa sosai wlh.

Ɗan Kudan:
Wslm Hajiya, ai aski yake so. Inabi a sabon toho yake fidda 'ya'ya, tohon da ya fito daga reshen da ya ƙosa ya koma ruwan ƙasa, mai kaurin fensir. Ki bari damina ta ɗauke wajen Oktoba, ki datse rassan ki bar ido, wato gurbin da toho ke fitowa, kamar 4 zuwa 6 a kowanne, ki tsige ganyen duka kada ki ji tausayinsa, sirara kuma a cire su tun daga tushe. Bayan kamar wata 4 sai tsinka insha Allah.

Baba Manomi:
Takin ma ya yi yawa 'yata, in yuriya ce ki dakata, ganye take ƙarawa.

Maman Ihsan:
Na gode. To tsuntsaye fa in ya fara nuna?

Ɗan Kudan:
Tsohon gidan sauro za ki lulluɓa masa, ki ɗaure ƙasan sosai don ta nan suke shiga.